Yadda ake fara dillancin intanet a ci la'ada, da abin da ke cikin kwangilar 'yan caca

Kawuna ya fi shekara talatin yana dillancin tumatir a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Ba shi da gona, ba shi da mota, amma in kaya suka sauka da asuba shi ake nema, domin ya san mai saye, ya san mai biya, ya kuma san mai cewa "sai gobe" har kwando ya ruɓe. Ranar da na zauna ina ta kame-kame wajen yi masa bayanin sana'ar da nake yi a waya, wadda matasa ke ce wa afiliyet, sai ya katse ni: "Kai yaro, ai dillanci ne wannan. La'adarka nawa, kuma littafin yana hannun wa?" Har yau da tambayoyin nan biyu nake auna duk tayin da aka kawo mini.

Ga yadda abin yake. Kamfani ko ɗan kasuwa yana da kaya, kai kuma kana da mutane masu sauraronka. Sai ya ba ka mahaɗi naka na kanka, wato adireshin nan mai launin shuɗi da ake dannawa, ko kuma wata lamba da mai saye zai rubuta lokacin biya. Duk wanda ya bi ta nan ya saya, na'ura za ta rubuta cewa kai ka kawo shi, a ware maka kamasho. Ba ka sayen kaya, ba ka ajiye su, ba ka kai su. Tsohon tsari ne, Amazon tun 1996 yake yin nasa.

Mataki na farko: gane yadda ake ƙirga cinikinka

Idan mutum ya danna mahaɗinka, shafin kamfanin yana ajiye wata 'yar alama a burauzar wayarsa, wato manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita. Alamar nan ana ce mata kuki. Ita ce shaidarka, kuma tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ce. Wasu kamfanoni suna ba da mako guda, wasu wata guda. In mutum ya danna yau, ya tafi ya yi shawara da maiɗakinsa, ya dawo bayan wa'adi ya wuce, cinikin ya faɗa amma kai ba ka ciki. Haka in ya danna a waya ya je ya saya a kwamfutar ofis. Haka in bayan naka ya danna mahaɗin wani, domin yawancin kamfanoni mai mahaɗin da aka danna a ƙarshe suke ba wa.

Shi ya sa a wurinmu na fi son lamba a kan mahaɗi. Mutanenmu ba sa saye nan take. Sai an tambaya, an taya, an jira albashi. Lamba kuwa tana nan a rubuce, ko bayan mako uku aka tuna da ita za ta yi aiki.

Mataki na biyu: wane kaya za ka ɗauka

A nan zan daɗe, domin tayin da ya fi yawo a zaurukan WhatsApp na Jos, daga Anguwan Rogo har Bukuru, na kamfanonin caca ne. Za a ce maka ba sai ka buga ba, kai dai ka watsa lambarka, duk wanda ya yi rajista kana da kaso har abada. Ƙanena ya kawo mini irin wannan a bara yana murna. "Yaya, wannan fa ba caca ba ce, talla ce kawai." Na ce ya buɗe sharuɗɗan mu karanta tare, ga kuma abin da ke ciki.

Biyan dillalin caca iri uku ne. Akwai kuɗi tsayayye a kan kowane sabon mutum, amma ba a ƙirga shi sai ya zuba kuɗi ya kuma buga har ya kai wani adadi. Akwai kason riba. Akwai kuma gamin biyun. Kason riban ne ake kwaɗaitar da mutane da shi, to a duba daga ina yake fitowa. A ce ka kawo mutum 20, a wata guda suka zuba naira 400,000, suka ci 250,000. Abin da ya rage wa kamfani 150,000. Ya cire garaɓasar da ya ba su da sauran caje-caje, a ce 30,000, saura 120,000. In kasonka 25 cikin 100 ne, ka tashi da 30,000. Kuɗin nan ba daga wani ciniki ya fito ba, asarar mutum ashirin ɗin nan ce, kuma ka san su. Yaron da ke gyaran waya a kasuwar Taminus ne, da ɗan keken unguwarku, da ɗalibin da aka turo wa kuɗin makaranta. Ranar da suka yi ta cewa wasa ɗaya ne ya yanke musu tikiti, ranar kasuwarka ta ci.

In kuma aka yi rashin sa'a, ko in ce sa'a, ɗaya daga cikinsu ya ci 500,000, lissafinka ya koma ƙasa da sifiri. Kwangiloli da dama suna ɗauke wannan giɓin su kai shi wata mai zuwa, ba za ka ga ko sisi ba sai sauran sun yi asarar da ta cike shi. Ka zama mai addu'ar kada abokinka ya ci. Littafin kuma, in mun koma tambayar Kawu, yana hannun kamfani shi kaɗai.

Ta fuskar addini babu wani lungu. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya, aya ta 2 a wannan surar kuma ta hana taimakon juna a kan zunubi. Maƙwabtanmu Kiristoci ma ban ga uban da ke murna ɗansa na kwana a shagon caca ba. Shi kuwa dillanci kansa halal ne, Imam Bukhari ya ware babi a kan ladan dillali, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasan ba su ga laifinsa ba. Matsalar tana ga kayan da aka ɗauko.

Ta fuskar doka ma ƙasar ta motsa. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko a jihohi sai a Babban Birnin Tarayya. Kowace jiha yanzu da nata hukuncin. Lasisin da ke aiki a Abuja ba hujja ba ne a Filato, a Kano kuwa Hisbah rufe shagunan take yi. Sitatus ɗinka na WhatsApp bai san iyakar jiha ba, bai kuma san wa ya kai shekara 18 a cikin masu kallo ba. Facebook da Google ba sa karɓar tallan caca sai da izini na musamman, wanda ya yi ta ɓoye yakan wayi gari an rufe masa shafin da ya shekara yana ginawa. Ƙanena ya ajiye. Ban ce ya ji daɗi ba.

To me za a ɗauka? Abin da ka sani, ka taɓa da hannunka, kuma in ya lalace za ka iya tsayawa gaban wanda ya saya a ƙofar masallaci. A Jos muna da sa'ar da ba ma lura da ita. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, acca, sitiroberi na wajen Vom, kabeji da karas, duk akwai masu nemansu a Abuja da Kaduna da kuɗi a hannu. Akwai kayan sola da fitilun caji, saboda kowa ya san halin wuta. Akwai rigunan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Akwai kayan mata, turaren wuta, atamfa. Akwai darussan intanet, na ɗinki ko girki ko shirin jarrabawar JAMB. Zaɓi fanni ɗaya. Mai tallan fitila yau, maganin basir gobe, fili jibi, ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci.

Maganin gargajiya da na ƙarin kuzari suna da kamasho mai tsoka. In babu lambar NAFDAC kada ka taɓa, in akwai ma kada ka yi alkawarin warkarwa da bakinka.

Mataki na uku: nemo wanda za ka yi wa dillanci

Hanya biyu ce. Ta farko manyan shafuka. Jumia da Konga sun san wannan harka, shiga shafinsu ka karanta sharuɗɗan ranar da kake nema, domin kason yana sauyawa kuma ya bambanta daga kaya zuwa kaya. Selar dandali ne na 'yan Najeriya da ake sayar da littattafai da darussa, masu kaya da yawa a can suna ba da kaso ga wanda ya kawo ciniki. Kason darussa ya fi na kayan hannu nesa ba kusa ba, saboda mai darasi ba ya sake kashe komai a kan kowane kwafi. Amazon kuwa, in masu bibiyarka 'yan unguwannin Jos ne irin su Rikkos da Gangare, ka bar shi tukuna. Ba a can suke sayayya ba, kuma in ba ka kawo ciniki uku cikin kwana 180 na farko ba rufe asusun ake yi.

Hanya ta biyu ita na fi ba sabon shiga shawara: ɗan kasuwar da ke kusa da kai. Je ka titin Ahmadu Bello ko Katako, sami mai shagon da kayansa ke da kyau amma ba ya iya waya. Ce masa, "Alhaji, zan riƙa kawo maka masu saye daga intanet. Duk wanda ya zo ya ambaci lamba kaza, ka rage masa ɗari biyar, ni kuma ka ba ni kaza." Ragin nan shi ne ke sa mai saye ya tuna ya faɗi lambar, in babu shi mantawa zai yi.

Amma a rubuta. Na taɓa yi wa wani mai kayan sola aiki da baki kawai, saboda muna sallah a masallaci ɗaya. Na kai masa mutum 11 cikin wata biyu. Ranar lissafi ya ce bakwai daga cikinsu tsofaffin kwastomominsa ne. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, na karɓi kason mutum huɗu na yi masa godiya. Tun daga nan, ko da saƙon WhatsApp ne sai mun rubuta abu biyar: nawa ne kason, a kan farashi ake lissafa shi ko a kan riba, yaushe ake biya, me zai faru in an dawo da kaya, kuma mutumin da na kawo in ya sake dawowa saye ina da kaso ko babu. Ina kuma roƙon duk wanda na tura ya aiko mini da hoton rasit. Waɗannan tambayoyi biyar su za ka nema a sharuɗɗan manyan kamfanoni ma, ka ƙara da ta shida: sai kuɗi ya kai nawa ake iya cirewa.

Duk tsarin da ya ce ka biya kuɗin rajista, sannan ribarka ta dogara ga kawo wasu su ma su biya rajista, ka tambayi ina kayan. In babu wani abu da mutumin waje zai saya don amfanin kansa, ba dillanci ba ne, MMM ce ta sake riga, tsarin damfarar nan da ake biyan tsofaffin shiga da kuɗin sababbi. Waɗanda ta cinye a ƙarshen 2016 suna nan da ransu, ka tambaye su.

Mataki na huɗu: tara mutane kafin ka fara talla

Kuskuren kowa shi ne ya karɓi mahaɗi da safe, da yamma ya watsa shi a zaure arba'in. Ba a saye, sai dai a cire shi daga zauren. Zaɓi dandali ɗaya babba inda baƙi za su gan ka, TikTok ko Facebook ko YouTube, sannan WhatsApp ya zama inda ake ƙarasa ciniki. Sauke WhatsApp Business, kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashi da amsa ta kai tsaye in ba ka kusa. Ware masa layi dabam, kada cinikinka ya cakuɗe da zauren dangi.

Makonni uku ko huɗu na farko kada ka sayar da komai. Koyar. In sola ka ɗauka, yi bidiyon minti ɗaya kan yadda ake lissafin batirin da zai riƙe fanka da fitila uku har asuba, ko abin da ke kashe batir da wuri. In dankali ne, nuna yadda ake gane wanda zai jure tafiya zuwa Abuja da wanda zai fara ruwa a Akwanga. Yi da Hausa. Masu bayanin kaya da Turanci sun yi yawa, masu yi da Hausa mai kyau kuwa har yanzu ana neman su, ga kuma masu jin ta har Nijar da Kamaru da Gana.

Ba ka buƙatar kyamara. Wayarka, hasken taga da safe, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga sun isa. Mutane suna yafe hoto mai duhu, ba sa yafe sauti mai iska, kuma iskar Jos a lokacin hunturu ba ta da kunya. Yi rikodin a ɗaki.

Kada ka jefa lambobin mutane cikin zaure ba da izininsu ba, kada kuma ka sayi jerin lambobi. Ban da rashin ladabi, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Mataki na biyar: tallan kansa

Sayi kayan ko ka aro, ka yi amfani da shi. Fitilar da aka rubuta wa awa goma a kwali, caja ta ta cika, kunna ta bayan isha'i, ka ɗauki hoton agogo lokacin da ta mutu. In awa shida ta yi, ce awa shida. Faɗi aibinta da bakinka kafin mai saye ya gano. Kawu yakan ɗaga tumatirin saman kwando ya nuna wa mai saye na ƙasa da kansa, shi ya sa ba a taya masa sau biyu.

Faɗa wa mutane kana da kamasho. Jimla ɗaya ta isa: "In kun saya ta wannan lambar ina samun la'ada, ku kuma farashinku ba ya ƙaruwa." Na ga masu ɓoye wannan suna tsoron za a guje su. Ni akasin haka na gani, wasu ma cewa suke yi, "Malam, turo lambar taka mu sa maka albarka." Kuma ka sani tallan da ake biya a kansa yana ƙarƙashin ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, wadda dokarta ta 2022 ta haɗa har da na intanet.

Mahaɗi ɗaya a kowane saƙo, da bayani ɗaya na abin da za a yi: danna nan, ko rubuta lamba kaza. Kafin ka watsa, gwada shi a wayar wani ka tabbatar dannawar ta fito a allon lissafinka da ke shafin kamfanin. Kada ka saya wa kanka ta mahaɗinka, yawancin kamfanoni korar mutum suke yi a kan haka su riƙe kuɗinsa.

Mataki na shida: lissafi da karɓar kuɗi

Sayi littafi mai layi. Kowane mako rubuta mutum nawa suka kalla, nawa suka danna ko suka yi magana, nawa suka saya, nawa ka kashe a data. A ce fitila naira 20,000 ce, kasonka 5 cikin 100, wato 1,000. Mutum 200 suka danna, 4 suka saya, ka sami 4,000. Darasin 10,000 mai kason 40 cikin 100 kuwa ciniki ɗaya ya ba ka wannan 4,000 ɗin, sai dai shawo kan mutum ya sayi abin da ba zai riƙe a hannu ba ya fi wuya. Littafin ne zai nuna maka wanne ya dace da mutanenka. In ana dannawa ba a saye, matsalar farashi ce ko shafin mai kaya. In ba a dannawa sam, matsalar bayaninka ce.

Kada ka sa kuɗi a tallan Facebook sai kayan sun sayu ba tare da shi ba. Ranar da za ka gwada, fara da abin da in ya tafi ba za ka rasa barci ba, ka tsayar bayan kwana uku ka duba littafi.

Kamashon da ka gani a allo ba naka ba ne tukuna. Kamfanoni suna riƙe shi har wa'adin dawo da kaya ya wuce, wani lokaci wata guda ko fiye. Kada ka ci bashi a kansa. Na cikin gida suna biya ta asusun banki, ka tabbatar sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai da na BVN ɗinka harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed sun isa su maƙale maka kuɗi. Na waje sukan biya ta Payoneer, wani kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, ko ta asusun dala, kamfanonin Amurka kuma za su sa ka cike fom ɗin haraji mai suna W-8BEN, wanda ke nuna kai ba ɗan ƙasarsu ba ne. Ware asusu ɗaya na wannan sana'a kaɗai, ko na OPay ne ko Moniepoint.

In abin ya fara kankama, yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ana yi ta intanet ba sai ka je Abuja ba, ka kuma karɓi lambar haraji. A sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara ba a cire musu komai. Takardar CAC ɗin tana da wani amfanin: ranar da za ka shiga wurin babban dila ka nemi ya ɗaga maka kaso daga 5 zuwa 8, da ita za ka je, tare da littafin nan mai layi, ka buɗe masa shafin watanni uku na baya.